Hannun Babana Ya Fara Rawa, Ga Tsere Ya Matso

Anti Verna, don Allah ki taimake ni. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina yagewa. Na san a kan inji ake rubuto miki, ni ma maganar inji ce ta kawo ni, sai dai ta haɗe da ta mahaifina har na kasa raba su.

Shekarata talatin da shida, motar 'yan makaranta nake tuƙawa a wani ƙaramin gari nan arewacin Manitoba, ƙasar sanyi da dusar ƙanƙara. Tun ina 'yar sha biyar nake tseren babur ɗin ƙanƙara a kan tafkinmu, kuma ban taɓa hawa injin da ba Baba ne ya haɗa shi ba. Makanike ne, shekara arba'in da biyar yana aikin. Ba ya kiran sunana, Direba yake ce mini, ko a coci. Ranar da ya fara nuna mini bawul mai harshe, ya ɗora shi a tafin hannuna ya ce, "Kin ga 'yan harsunan nan? Su buɗe, mai da iska su shiga. Su rufe, kada su dawo. Kafin ki ƙifta ido sun yi haka sau hamsin. In suka yi lalaci, ke ma kin yi lalaci." Harsunan kuwa bai taɓa sayen su a kanti ba. Fallen zaren gilas yake sayowa, ya yanka da almakashi, ya goge bakin da hannunsa. Mutane daga garuruwa biyu suna zuwa roƙonsa ya yanka musu.

Da bazara muka gyara injin, aka faɗaɗa cikinsa, aka sauya salansa. Yanzu yana juyawa da saurin da bai taɓa yi ba. Da tafki ya daskare muka fita gwaji. Daga kwanar hanya yana fita kamar an harba shi, amma ina kaiwa ƙarshen miƙe, inda hanya ba ta da kwana, sai ya riƙa sarƙewa, kamar mai son yin tari. Muka buɗe, muka tarar bakin harsunan duk ya ɓantale. Baba ya ce, "Sun yi wa injin nan laushi. Zan yanko masu kauri, ki ba ni kwana biyu."

Kwana biyu suka zama goma. Rannan sai ga shi ya fito da wani tsohon gwangwanin taba daga ƙasan benci, cike da harsunan ƙarfe, irin na zamanin ƙuruciyarsa. Ya ce su zai saka, wai ƙarfe ba ya gajiya. Anti, mutumin nan shi ya koya mini cewa ba a saka ƙarfe a injin tsere. Shi da bakinsa! Na ce, "Baba, ba kai ka ce in ya karye sai ya cinye fistin ba?" Ya ce, "Da can ne nake yawan magana."

Ban gane ba sai da na je zubar da bokitin shara. A ƙarƙashin tsummoki na sami harsuna goma sha ɗaya da ya yanka ya jefar. Duk a karkace, wani ma almakashin ya zame ya ci rabinsa. Na zauna a kan ganga na yi ta kallonsu. Nan take abubuwan da na riƙa kau da kai a kansu tun kaka suka dawo mini. Kofi rabin kofi yake zubawa yanzu. A cin abincin coci ya daina karɓar miyar da yake so, sai abin da zai soka da cokali mai yatsu. In yana magana da mutane hannunsa na dama yana cikin aljihu, ko a ɗaki mai ɗumi. Hannun rawa yake yi, Anti. Ba sosai ba, amma yana yi.

Ga abin da nake jin kunyarsa. Kullum ƙarfe tara yakan tafi shan kofi da abokansa a gidan mai. Wata safiya bayan na sauke yara, na shiga gareji na duba abin da ya ɗaura jiya. Ɗaya daga cikin ƙananan notinan da ke riƙe harshe, da yatsa biyu na juya shi. Kin san abin da zai faru in ya faɗa cikin inji ina tsakiyar gudu, ga mutum shida a bayana. Na ɗaure shi a ɓoye. Tun daga ranar duk abin da ya ɗaura sai na bi baya na kwance na sake, in mayar da sifana daidai inda ya ajiye ta. Kamar ɓarauniya, a garejin da na koyi tafiya.

Mijina, bari in ce masa Lyle ko da yake ba sunansa ba ke nan, tuni ya sayo harsunan kanti na zamani, na zaren kabon, masu tauri, suna nan a motarsa. Ya ce, "Ki saka abinki ki rufe, tsohon ba zai sani ba. Ni dai ba zan tsaya bakin tafki ina kallon ki a kan ƙarfen da ya girme ki ba." Na ce masa ba shi da tausayi. Ya ce, "Tausayin nawa a kanki yake, malama." Kwana biyu muna gaisawa kamar maƙwabta. Ba mugu ba ne, shi ke share wa Baba dusar ƙanƙara a ƙofar gida tun kafin ya tafi aiki.

Na gwada yin maganar ranar Asabar. Baba ya ɗaga bawul ɗin wajen taga yana duba ko haske na ratsawa, na buɗe baki ke nan sai ya ce, "Direba, riƙe min nan, hasken ya fi kyau ta wajenki." Hasken ɗaya ne, Anti, taga ɗaya ce. Na riƙe, ya matso da fuskarsa yana dubawa, ina jin warin mai a rigarsa, na fasa maganar. Tun da Mama ta rasu shekara huɗu ke nan, garejin nan ne kaɗai ke tayar da shi da safe. In na karɓe masa shi, me na bar masa?

Saura mako uku tseren. Wane harshe zan saka? Na ƙarfe don ransa ya yi daɗi, ko na kabon a ɓoye? Ko in ce bayana na ciwo in janye bana, kowa ya huta?

Direbar da ta rasa hanya

*

'Yata Direba,

Bari in fara da mai sauƙin. Ki mayar da harsunan ƙarfen nan cikin gwangwaninsu. Ƙarfe yana gajiya, ba ya nuna alama ne kawai. Harshen zaren gilas ko na kabon in ya ɓantale, yawanci ɓarɓashin yakan bi ta salansa ya fita. Na ƙarfe in ya karye, inji na iya tsayawa cak kina kan totur. Wannan ba abin da ake yi don faranta wa wani rai ba ne, ko mahaifi.

Babanki ya yi gaskiya da ya ce tsofaffin sun yi laushi. Injin da aka ƙara wa gudu yana son harshe mai tauri, wanda zai rufe a kan lokaci. Amma kada ki ɗauka mafi tauri shi ne mafi kyau. In ya yi tauri da yawa za ki samu ƙarshen miƙe, ki rasa fitar kwana, kuma a zagayen tafki kwana ce ke raba na ɗaya da na huɗu. Ki nemo na kabon kauri biyu, wanda Lyle ya sayo da wanda bai kai shi ba, ki gwada kowanne a rana ɗaya, cikin sanyi ɗaya. Bayan kowane gwaji ki ciro fulogi ki duba launinsa, don sabon harshe kan sauya yadda inji ke shan mai. Ki sa sababbin notina, da gam mai riƙe su.

Lyle ya yi daidai a kan kabon, kuma tsoronsa na gaskiya ne. Ki faɗa masa haka, ya cancanci ya ji. Inda ya kauce shi ne maganar ɓoyewa. Janyewar ƙarya kuwa ta fi duka muni, don babanki zai san ba bayanki ba ne, ya ɗauki laifin ya ɗora wa kansa shi kaɗai.

Shekara talatin da ɗaya na yi a bayan kantar kayan gyara, na ga tsofaffin makanikai da yawa. Babu wanda za a kwance masa noti a sake ɗaurawa bai gane ba. Ya san kina bin bayansa. Ina ganin ma ya gode, ya rasa yadda zai faɗa ne. Mutumin da ya ce ki riƙe masa don haske, ya riga ya roƙe ki hannunki, da irin bakin da yake da shi. Ku biyu kuna ɓoye wa juna abu ɗaya, kowa na tsoron kada ya karya zuciyar ɗan'uwansa.

Ba garejin za ki karɓe masa ba, almakashi da sukundireba kawai. Abin da kike buƙata a makonnin nan ba yatsu ba ne, kunne ne. Ke kina cikin hular kwano, iska na kaɗa ki, ba za ki ji rabin abin da inji ke faɗa ba. Shi kuwa in ya tsaya bakin kwana zai gaya miki wane harshe ne ya dace tun kafin ki tsaya. Wannan ilimin ba a sayar da shi a kanti, na sani, don na nema wa mutane ban samu ba. Ki ajiye masa kauri biyun a kan benci ki ce, "Baba, na ga bokitin. Ni ce nake sake ɗaure notinan. Daga yau ni zan ɗaura kana tsaye a kaina, amma zaɓin nan naka ne, ni ban iya ba." Kada ki ƙara komai. Maza irinsa gajeriyar magana suke iya haɗiyewa.

Sai likita, kuma wannan ba zai jira a gama tsere ba. Rawar hannu tana da dalilai da yawa, wasu ana samun sauƙinsu sosai in an je da wuri. Ke za ki kai shi, ki shiga tare da shi, don in ya tafi shi kaɗai zai dawo ya ce miki an ce lafiyarsa ƙalau.

Mai yiwuwa ya yi fushi. Mai yiwuwa ya fita ya bar ki a tsaye, ya buga ƙofa. Ki bar shi ya yi, haƙƙinsa ne, abin da yake rabuwa da shi ba ƙarami ba ne. Kada ki bi shi da ban haƙuri, kada ki aika Lyle. Ki hura murhun garejin, ki jawo kujerarsa kusa da benci, ki koma washegari a lokacin da kika saba. Zai zo. In ya zo ya fara yi miki faɗa a kan yadda kike riƙe sifana, ki yi shiru ki ji daɗinki, an shirya ke nan.

Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zukatanku ku ukun, ya sauko da ke daga kan tafkin nan da ƙafafunki.

Taki,
Anti Verna