Koren Zaren Gaji

Bismillahi. Ni ce Zinariya, matar marigayi Malam Nata'ala, ta nan ƙauyenmu na ƙasar Jahun. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka Mashkura matar ɗana Muslim ce take rubutawa, Liman Fa'izu yana zaune a bakin ƙofa yana ji. Da hankalina nake magana. Na san yau Laraba ce, na san abin da na karya da shi, ba zafin ciwo ba ne yake sa ni. Tsoro dai ina ji, ba zan ɓoye ba. Tun da aka dawo da ni daga asibiti na ga yadda kuke kallona. Mashkura, yadda na faɗa haka za ki sa, kada ki gyara min don kunya.

Da ku nake, ku uku: babbanku, wanda ban taɓa kama sunansa ba kuma ba yau zan fara ba, ke Mashkura ki sa shi da kanki (Yahuza), sai Muslim, sai Zakiyya.

Na ɗaya. Likkafanina yana ƙasan akwati, na saya tun bara. A kai ni kusa da babanku in da wuri. Kada a jira kowa.

Na biyu. Gonar bayan gari da awakin nan biyar da kwanukana, ku kira Liman ya raba yadda Allah ya ce. Ba ni da ta cewa a ciki. Jar akuyar nan mai ciki kaɗai na cire, ita da basillata da ragowar garurata ta rinin kaba. A bai wa Zulaihatu 'yar Gwaggonku Gaji. Zakiyya, na san za ki ɓata rai. Bari ki ji ƙarshe.

Na uku. Akwai faya-fayaina a shagon Madam Cecilia na Takur, a Dutse. Kun san yadda ake yi, ka ajiye kayanka, in an saya ta cire nata ta ba ka naka, in ba a saya ba ka ɗebo abinka. Shekara goma sha wani abu matar nan ba ta taɓa cin kwabona ba. Ku gaishe ta, ku ɗebo abin da ya rage, ku raba wa maƙwabta su riƙa rufe kwano.

Na huɗu. To, nan ne. A ba ni ruwa tukuna.

Mu matan da muke kai kaya shagon nan ba mai iya rubuta sunanta. Sai Madam ta ce kowace ta ɗaura zare a bakin faifanta, kala daban, da shi take gane na wace ce. Nawa ja ne. Na Gaji kore. Kun san Gwaggonku, ƙanwar babanku ce uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun tana yarinya ƙafarta ta shanye, ba ta iya hawa mota. Ni nake haɗawa da nata in kai Dutse duk wata.

Hannun Gaji ba irin nawa ba ne. Ni na iya faifai, na rufe tuwo. Ita kuwa in ta ɗinka kaba, ko garin tuwo ka zuba ba ya bi ta ƙasa. Akwai wani zane da ita ta ƙago, ɗigo-ɗigo fari a cikin baƙi, take ce masa bayan zabo.

Ran da na fara kai shi, zaren ɗaya ya warware a mota. Madam ta ɗaga faifan nan tana juyawa, ta kira ma'aikatan da suka shigo sayayya tana nuna musu ni, wai ga mai hannun. Aka kewaye ni. Wata Hajiya ta kama yatsuna tana dubawa. Ni tun da uwata ta haife ni ba a taɓa taruwa ana yaba wani abu nawa ba. Kalma ɗaya ce zan faɗa. In ce na Gaji ne. Sai na yi murmushi kawai.

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Wata na zagayowa na sayi reza a tasha. In na sauka a Dutse sai in raɓe bayan wani kango, in yanke koren, in ɗaura jan. Ba duka ba, sai in bar mata biyu ko uku marasa zane don kada sunanta ya ɓace a shagon. Kuɗinta kuwa, Allah shi ne shaida, ina kawo mata cif, ko na mota ban taɓa cira ba. Da wannan nake lallashin kaina, ina cewa ai ba abin da ta rasa. Hoton nan da yake bangon shagon, ni da mayafin Sallah ina riƙe da faifai, wanda Muslim ya ɗauka a waya yana nuna wa abokansa, faifan ba nawa ba ne. Takardar yabon nan ta baje kolin mata da kuka sa wa gilashi, ita ma ba tawa ba ce. Ban taɓa iya bayan zabo ba. Na gwada a ɓoye ya fi a ƙirga, yana fitowa kamar tsutsa ta ci wake.

Na biyar. Rigimarku da Zulaihatu. Yarinyar nan a cinyar uwarta ta koyi zanen. Da ta yi aure a Dutse ta ɗauki nata ta kai shagon, Madam ta mayar da ita, ta ce ba ta karɓar kwaikwayon aikin Inna Zinariya. Madam ba ta da laifi, abin da na nuna mata ta sani. Ke Zakiyya kika je har gidan mijin Zulaihatu kika ce mata ɓarauniyar hannu a gaban danginsa. Kai babba ka hana matarka zuwa sunan ɗanta. Shekara huɗu ke nan Zulaihatu ba ta taka gidan nan ba. Duk ina zaune a tabarmar nan ina jin ku. Na ce muku ku bari kawai, ban ce muku don me ba.

Abin da ya fi ci na shi ne wannan. Bayan rigimar, na je ɗaukar kaya wurin Gaji. Ta ba ni fura, ta tambayi ƙafata. Sai da na isa bayan kangon na fito da reza, na ga ba a bukatarta. Da can ƙulli uku take yi wa zaren, gam. Ran nan zarge ta yi masa, ja ɗaya ya zare. Haka ta ci gaba da yi har ta bar duniya. Da daminar bara na shiga ɗakinta da niyyar in faɗa, na durƙusa, sai ta riga ni, tana yi min godiyar wahalar mota. Na tashi na fito. Kwana biyu aka yi ta cika.

Yanzu wa zan roƙa? Liman ya ce in mayar da haƙƙi ga magajinta, in yi ta istigfari. Shi nake yi. Amma in na rufe ido ita nake gani tana ɗaura zaren nan.

Na shida. A ƙarƙashin gadona akwai gwangwanin madara. Korayen zarurrukan da na yanke ne a ciki. Ko ɗaya ban iya yarwa ba. Ku ukun za ku ɗauka, ba aike ba, ku je gidan Zulaihatu. Zakiyya ce za ta fara sallama. Inda kika yi maganar, gaban mutanen da suka ji, nan za ki janye ta. Mashkura ta karanta mata takardar nan tun daga bismilla. In ta yafe min, alhamdu lillahi. In ba ta yafe ba kada wanda ya matsa mata, kada a ce mata ai tsohuwa ce, ai ta mutu.

Daga nan ku wuce Takur da ita. Ku gaya wa Madam Cecilia da bakinku, ku ce ta yafe ni, na sa ta kori mai gaskiya. A sauke hotona. Gaji ba ta da hoto ko ɗaya, sai a rataya faifanta a wurin. Akwai guda da na ɓoye a akwati, kan likkafanin. Takardar yabon ku cire ta daga gilashin ku ba 'yarta. In Zulaihatu tana so ta riƙa kai kaya, kore ne nata.

Na so a yi wannan ina da rai. Na gaya wa Mashkura da safe a kira ta, da azahar na ce a bari. Kun ga halin uwarku. In na kai Juma'a ku kira ta ko na ce a'a.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su ji ƙanku. Nonon da kuka sha na yafe, duk abin da kuka yi min na yafe. Ku ma ku yafe min kunyar da zan bar muku a gari. Kada ku rabu a kan gona, kada ku rabu a kan maganar nan, ku riƙa cin tuwon Sallah a gida ɗaya. In kun zauna ku ƙirga kanku huɗu, ba uku ba.

Ki kawo tawadar in dangwala.