Akwatin Nuha da Zan Aiko Maka

Ka'akiyya, Makka.

Zuwa ga ƙanena Hadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka da duk wanda ke cin tuwon gidanka a Kano. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar matata Hadijatu ta yi sauƙi, har ta koma yin ɗawafi da ƙafarta, ba a keke ba. Ɗana Hatim yana nan a shagon wayoyi, kullum da sabon aski, babu maganar aure. Ni kuwa sai ciwon sugan da ka sani.

Na san 'yata Nuha ta kira ka. Ba ta faɗa mini ba, amma na ga yadda take kallon wayata duk lokacin da ta yi ƙara, tana jiran Baffanta ya sa baki. Gara ka ji zancen daga bakina kafin ka kira ni da wa'azi.

Ka san aikinta gwajin jini ne a asibiti. Lokacin Hajji akan tura su Mina, inda ta ga tsofaffi suna kwance suna jiran sakamakon da sai an kai gari an dawo. Shi ne ta ƙera wani ɗan akwati, bai fi butar shayi ba, mai gwada ɗigon jini nan take. A kan teburin cin abincinmu ta haɗa shi, uwarta tana mita. To, wata hukumar gwamnati ta fito da tallafi don gwada sababbin na'urori a sararin samaniya. Za a ɗora su a roka, ta tashi har inda abu ba ya da nauyi, ta ɗan jima, sannan kayan su sauko da laima. An zaɓi akwatin Nuha. Sai dai tallafin ba hannunta zai shiga ba, wani kamfani ne zai karɓa. Ita kuma sai ta ajiye aikin asibiti ta koma ƙarƙashinsu, ta bi su wata ƙasa mai sanyi inda ake harba rokar. Asibitin nan kuwa ba ya mayar da wanda ya fita da ƙafarsa.

Kada ka ɗauka tsufa ne ya hana ni fahimta. Na duba akwatin ciki da waje. Ruwa ba ya kwanciya inda babu nauyi, dabarar da ta yi don ta tilasta wa jinin bin hanyarsa kuwa dabara ce ta gaske, na yi alfahari da ita ko da ban nuna ba. Mutanen ne ban yarda da su ba. Ka tuna ranar da na gama karatun kimiyya, yadda unguwarmu ta Tandabawi ta cika gidanmu, manya suka dafa kafaɗata aka ɗauki hoto, aka yi alkawura. Hoton ya shiga jarida. Ni kuma na ƙare ina ɗaga tuta a gaban alhazai ina nuna musu hanyar jifa, shekara bayan shekara, har gemuna ya yi fari.

Kwanakin baya kamfanin ya turo wani saurayi, Rakan, mai ƙamshin turare da yawan murmushi, yana ta kira na ya ammi, wato baffa, kamar tare muka yi yaye. Wai za su ɗauki fim a kan Nuha. Bai so gidanmu na Ka'akiyya ba, wai ya yi tsabta da yawa. Tandabawi yake so, lungun da ya fi ƙunci, alhali ka san tun da aka rushe gidan Baba muka bar can. Ya kuma roƙe ni in sa babbar riga da hula in tsaya a bakin wata ƙofa, ni da aka haifa a garin nan, ban taɓa sa babbar riga ba ko a ranar aurena. Na tambaye shi yadda za su hana kumfa shiga bututun jinin idan roka ta girgiza. Ya yi dariya ya ce wannan na injiniyoyi ne. Na ce masa halas, magana ta ƙare, ba ni ba fim.

Hadi, fim ɗin ya fito. Ga Nuha a lungun, ga wani tsoho a bayanta cikin babbar riga ya ɗaga hannu yana addu'a. Mai sayar da tsire ne a bakin layin. Ba su ce ubanta ne ba, ba su kuma ce ba shi ba ne. Ƙawayen Hadijatu suka yi ta kiran ta suna tsokana, wai yaushe ta sake miji ba ta gayyace su ba. Ita ta yi dariya, ni ban yi ba. Sunan kamfanin ya cika allo, na Nuha sai ka matso kusa.

Na zaunar da ita na ce mutanen da suka iya sauya mata uba da rana tsaka, sauya suna a jikin akwati ba zai ba su wahala ba. Ta amsa mini rabi da Larabci, kamar yadda take yi idan ranta ya ɓaci. Ta ce ta san fuskarta suke so, su ɗauka, amma idan akwatin ya ƙi aiki babu wanda zai iya gyara shi sai ita. Ta ce ba ta so ta tsufa tana ba yara labarin abin da ta kusa yi. Ba ta kalle ni ba da ta faɗi wannan, na kuma san da wa take. Sannan ta ce duk da haka ba za ta taka ko'ina ba sai da albarkata.

Na daɗe ina juya maganar. Idan na hana ta, ta tsira da aikinta, ni kuma na rasa ta tana zaune a gabana. Idan na bar ta, ina iya miƙa ta ga masu cinye wahalar mutum. A ƙarshe na kafa sharaɗi ɗaya. Akwatin farko, wanda ta haɗa da hannunta, mai tabon ƙuna a gefe, ba zai shiga hannunsu ba, ba kuma zai zauna inda Rakan zai zo da murmushinsa ya roƙe shi ba. Ta ce ai tarkace ne, sabon ya fi shi nesa, ta miƙo mini.

Hajiya Kabira, maƙwabciyarku da ta zo Umra, ita za ta kawo maka shi. Na cire batirin. Ranar da ya iso ka kira limamin unguwarku, ka kira 'yarka Saudat tun da ta yi boko, su gan shi da idonsu, ka gaya musu na wace ce. Sannan ka kulle shi, kada jikoki su mai da shi abin wasa. Idan Allah Ya sa zargina ƙarya ne, ka yi mini dariya, na yafe. Idan kuwa wata rana ka ji an ce wani ne ya ƙera shi, ka fito da shi.

Jiya ta ajiye aikin. Da ta dawo ta durƙusa, na dafa kanta na sa mata albarka, har cikin zuciyata. Su kuwa ban sa musu ba.

Ka gai da Yalwa da Saudat da Abba da yaran duka. Hadijatu da Hatim suna gaishe ku. Nuha ba ta san na rubuto ba, ka yi mata addu'a, ba sai ka kira ni ba.

Wanka,
Abdulganiyyu