Gaurakar da Na Sa a Hoton Malamina

Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karanta wannan fili, da fatan kowa yana lafiya. Don Allah a sakaya sunana, kuma sunayen da zan ambata duk na canza su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, domin duk sunan da za ku kira ni da shi na riga na kira kaina da wanda ya fi shi muni.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Sakkwato, ina da ɗan shago a Tudun Wada. Tun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasar nan sana'armu ta buɗe. Wanda ya yi sabon babur ko rediyo sai ya zo a ɗauke shi da abinsa, wanda bai samu ba kuma ya zo wurina, don an san ni da haɗa hoto biyu su koma ɗaya. Ina iya jingina mutum da motar da bai taɓa shiga ba, ko in tsayar da shi bakin jirgin sama, in goge mahaɗin har uwar da ta haife shi ta rantse ya yi tafiya. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin laifi ba, tunda mai hoton ya san abin da ya zo nema.

Akwai wani dattijo, bari in kira shi Malam Dauda. Shi ya koyar da ni a firamare. Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, ya zo garin nan tun yana saurayi har ya yi furfura a cikinsa. Lokacin da mahaifina ya so ya cire ni daga makaranta ya zaunar da ni rumfar yadi, Malam ne ya yi ta sintiri gidanmu a Ƙofar Dundaye har tsoho ya haƙura. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya ce, Rifkatu, tana koyon aikin jinya a wani gari. Da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan, abokansa suka sayi babura, shi kuwa ya sayo kyamara mai dogon gilashi, wai tsuntsaye zai riƙa ɗauka. Mutane suka yi ta dariya. Ranar da ya fara kawo mini fim in wanke, ya zauna kan bencina ya ce, “Ɗana, yau kai ne malami. Kada ka ji nauyina. Yadda ban taɓa ba ka makin da ba ka ci ba, kai ma kada ka ba ni.”

Kuma da farko haka na yi. Nakan baje hotunan kan tebur in ce, “Malam, wanga ka ɗauke shi rana tana gabanka, shi ya sa shamuwar ta zama baƙa ƙirin, ka bar rana a bayanka. Wanga kuma ka tsaya tsaye ka ɗauki balbela daga sama kamar mai ƙirga kaji, ka durƙusa ka yi daidai da ita. Wannan na kanari ya yi kyau, reshen ya ba shi wurin zama, amma dubi idonsa, ya yi dishi-dishi. In idon tsuntsu bai fito ba, hoto bai fito ba.” Ya yi dariya ya ce ashe haka ɗalibansa suke ji. Kowace Asabar sai ya hau kekensa ya nufi fadama bakin gulbi, ya wuni cikin ciyawa, kuma wallahi ya iya. Akwai hoton zalɓe da ya ɗauka da kifi a baki, ni da nake cin abinci da sana'ar ban da kamarsa. Abu ɗaya ya rage masa, gauraka. Ya ce a garinsu yana yaro yakan ji kukansu da safe, kuma ba zai ajiye kyamara ba sai ya ɗauki guda a daji, ba wadda aka yanke wa fiffike aka tsare a gidan masu kuɗi ba.

Sai sojoji suka fara sallamar ma'aikata. Malam a rediyo ya ji sunansa, cikin waɗanda aka ce tsufa ya hana su aiki. Mutumin da bai taɓa makara ba! Ya rame, ya daina zama majalisa, coci ma sai an ja shi. Fadamar nan kaɗai ta rage masa. A daidai lokacin ne hotunansa suka fara lalacewa. A wani hoton ya yanke wa tsuntsu kai, a wani kuma reshe ya tokare rabin hoton daga gefe kamar bai gan shi ba, yawancinsu kuma biji-biji. Na duba kyamarar, lafiyarta ƙalau. To ina matsalar take in ba a idon mai riƙe da ita ba? Na sani. Kada wani ya ce ban sani ba. Amma yaya zan dubi mutumin da gwamnati ta gama cewa ya tsufa ba shi da amfani, ni ma in ce masa idonsa ya tafi? Sai na koma zaɓen guda biyu uku masu dama-dama ina yabawa, sauran in ce fim ɗin ne ya sha zafi. Ya tambaye ni, “Ba gyara yau, malam?” Na ce, “Ai ka wuce gyara, Malam.”

Cikin daminar bara ya shigo shagona wandonsa jiƙe har gwiwa. Ya ce, “Ɗana, na same ta. Tana tsaye cikin ruwa ita kaɗai, ko motsi ba ta yi ba, kamar an ce ta jira ni.” Tun da aka sallame shi ban ga haƙoransa ba sai ranar. Na shiga ɗakin wanki na wanke fim ɗin, na ɗaga shi a fitila. Ga ruwa, ga ciyawa, ga hadari can nesa, wurin ya yi kyau. Amma abin da ke tsaye cikin ruwan kututturen itace ne, da busasshiyar ciyawa ta maƙale a kansa kamar tukku. Ya ƙarar da fim guda a kan kututture. Na daɗe a tsaye a ɗakin nan, ina jin shi a waje yana ba maƙwabcina tela labari.

Na fito na ce masa takarda ta ƙare, ya dawo jibi. Ina da hoton wata gauraka da na taɓa ɗauka a tsakar gidan wani attajiri, irin wadda Malam ya ce ba ya so. Ita na yanko na ɗora kan kututturen, na bi gefenta da ɗan buroshi, na daidaita haske, na sake ɗauka na buga babba. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Tukkunta kamar zinariya, idonta tangaran. Wuri ɗaya na manta, inuwar da ke cikin ruwa ƙarƙashinta har yanzu ta kututture ce. Sai da na sa hoton a gilashi na lura, na ce wa zai duba? Malam ya karɓa ya kai shi dab da fuskarsa, ya karkata kai yana neman inda zai gani. Ya ce, “Idon ya fito?” Na ce, “Ya fito, Malam.” Ya ce, “To nawa na ci?” Na ce ya cinye duka. Hawaye ya zubo masa. Ni kuwa na koma gida ina jin na yi aikin lada. Ku ji fa, lada.

Bayan ɗan lokaci Rifkatu ta zo hutu. Ta lura mahaifinta yana tuntuɓe da kujera, yana miƙa hannu gefen kofi. Ta ce lallai sai sun je asibitin ido a Kano. Ya ƙi, ta nace, har suka zo shagona tare, shi rungume da hoton. Ya ce, “Gaya mata, wa ya ɗauki wannan?” Na ce shi ne. Ya ce, “Mai ciwon ido zai iya?” Rifkatu ta dube ni ta ce, “Yaya, kai ka san aikin nan. Don Allah ka faɗa mini gaskiya, in ka ce lafiya, zan bar maganar.” Ga ƙofa Allah ya buɗe mini. Ko gefe na ja ta na raɗa mata, da ya wadatar. Amma Malam yana tsaye yana murmushi, tela yana leƙowa, ni kuma ina tunanin me za a ce da ni. Na ce, “Gaskiya sai mai kaifin ido ke samun irin wanga hoto. Wataƙila tabarau kawai yake so.” Ta sauke ajiyar zuciya ta yi mini godiya. Ta saya masa tabarau a kasuwa ta koma makaranta.

Kafin wata daminar ta zagayo Malam ya faɗa kwata da kekensa da rana tsaka. Da aka kai shi Kano, likita ya ce ciwo ne da ya yi shekaru yana cin jijiyar ido a hankali daga gefe, na hagu ya mutu, na dama saura ɗan haske kamar mai leƙe ta kafar ƙofa. Ya ce da an zo bara da an ceci abu mai yawa. Rifkatu ta bar makaranta ta dawo tana jinyarsa. Ta ce mini, “Ni ce mai laifi, Yaya. Na ga alamu da idona, an koya mini su a aji, amma na juya na tafi.” Ina tsaye ina jinta, na ce mata haƙuri, ƙaddara ce. Wane irin mutum ne ke faɗin haka?

Tun daga nan ban sake samun natsuwa ba. In na tsoma takarda cikin ruwan wanki ina jiran fuskar amarya ko ta ɗan makaranta ta fito, sai in ga kamar tukkun nan ne zai fara bayyana. Na daina haɗa hotuna, masu son jirgi da mota sun koma wani shago. Ko kukan tsuntsu na ji a kan bishiyar dogon yaro ta ƙofar gidanmu sai gabana ya faɗi. Maiɗakina ta ce, “Wai mi ke damunka, ko abinci ba ka ci?” Na ce zafi ne. Ina zuwa gaishe da Malam, kuma duk zuwa azaba ce, domin hoton yana rataye saman kujerarsa, duk baƙon da ya shigo sai ya ce, “Ɗana, kwatanta masa, ni yanzu ba na gani.” In tsaya ina kwatanta tukku da fiffike, idona kuwa yana kan ruwan da ke ƙasa, ina jiran ranar da wani zai ce, wannan inuwar ta mece ce?

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na mutu da shi a cikina. Amma likita ya ce in aka yi aiki da wuri za a iya tsare ɗan hasken da ya rage a idon dama, in aka bari shi ma zai tafi. Malam ya ce ba wanda zai sa masa wuƙa a ido. Hujjarsa ita ce, likitan da ya ce ciwon ya yi shekaru bai san aikinsa ba, tunda bara-bara ya hango gauraka daga nesa ya ɗauke ta har ƙwayar ido. A ganinsa abu ne ya faɗo masa farat ɗaya, kuma yadda ya zo haka zai tafi. Fasto ya yi magana, abokansa sun yi, Rifkatu ta yi kuka har muryarta ta dushe. Shekaranjiya na je, ya lalubo hannuna ya riƙe ya ce, “Duk garin nan kai kaɗai ne ba ka taɓa yi mini ƙarya don in ji daɗi ba. Kai ka wanke fim ɗin. Gaya wa yarinyar nan abin da ka gani a ciki.” Na ce ana kiran salla, zan dawo. Rifkatu ta rako ni zaure ta ce an ba su rana a mako mai zuwa, in suka wuce ta ba ta san yaushe za a sake ba su wata ba. Ta ce, “Maganarka kaɗai yake ji, Yaya.”

Na san in na faɗa, zan ƙwace masa abu na ƙarshe da yake alfahari da shi, in gaya masa ya durƙusa cikin ruwa yana ɗaukar itace, kuma yaron da ya tsaya wa ne ya mayar da shi abin tausayi. Dattijo ne mai hawan jini, ban san ko zuciyarsa za ta ɗauka ba. Rifkatu kuma za ta san wanda ya raba ta da karatunta ya bar ta tana zargin kanta. In na yi shiru, zai ƙarasa makancewa, kuma wannan karon da sanina ne ƙarara. Na yi tunanin in gaya mata ita kaɗai, amma shi ba zai yarda ba sai ya ji daga bakina. Na yi tunanin in ƙirƙiro wata dabara da za ta kai shi asibiti ba tare da na tona kaina ba, sai na tuna dabara ce ta kawo mu nan.

Jama'a, na ce masa zan dawo, kuma na san yana zaune yana sauraren takuna. Ta ina zan fara, da wane baki? Don girman Allah ku ba ni shawara. Me zan yi?