Hannun Malam a Cikin Zanena

Yaya Rabi,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya sanyin garinku? Ya maigida da yara, ya jikin Ummi? Mu nan Mandawari lafiya lau, ni ne dai na kasa zama wuri ɗaya.

Maganar zanen iyayenmu ce, Hajiya da marigayi Malam, wanda zan kai baje koli mako mai zuwa. Tsarin na ɗauko shi daga littafin tsofaffin masu zanen Turai da kika aiko mini: haske ta taga ɗaya, bayansu duhu, miji riƙe da hannun matarsa. Duk wanda ya gani sai ya ce kamar za su yi magana.

Ranar Talata Hajiya ta leƙo ɗakina, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sani, yaushe Malam ya taɓa riƙe hannuna a gaban mutane? Ka rufa mini asiri." Kunya ta kama ni. Na raba hannayen, na mayar masa da carbinsa.

Jiya ta dawo ta duba, ta ce, "Wa ya ce ka goge?" Ta fita, ba ta sake tada zancen ba.

Yaya, ke kika fi saninta. In mayar ko in bari? Na haɗa fenti sau uku, yana bushewa ban taɓa zanen ba.

Ki amsa da wuri, ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Allah ya jiƙan Malam. Da yana nan ma, na san ba zai faɗa ba.

Ƙaninki,
Sani