Miyar Ciyawar Teku Ranar Jarrabawa

Zuwa gare ki, Maman Bora, sanyin idona, nunanniyar kanyar ƙarshen kaka da ta gagari tsuntsaye, iskar teku mai ratsa garinmu Gunsan idan rana ta ƙwalle, farin watan da masunta suke komowa gida da haskensa!

Ni ne Pyo Deok-su, tsohon direban bas, wanda kika daina ɗaga wa waya tun ranar jarrabawa. Tunda kunnenki ya ƙi ni, bari in gwada idonki.

Kin san ba son Turanci ne ya kai ni ajin nan ba. Me zan yi da Turanci, ni da na ƙare ƙuruciyata ina zagin masu tasi da harshen uwata? Ji na yi an ce ofishin unguwa ya buɗe ajin koyon Turanci ta hanyar girkin gida, kuma kin rubuta sunanki, saboda 'yarki Bora tana so ki koma wajenta a Kanada, ga jikanki ba ya jin ko kalma ɗaya ta Koriya. Washegari na bayyana da sabon gyauton girki, namiji tilo a cikin zawarawa da kakanni, ni da ban taɓa sanin inda ake kunna murhu ba sai da matata ta rasu.

Wayyo, wahalar da na sha dominki! Malaminmu Kebin, wanda duk unguwa ta san Bong-pal ne ɗan mai sayar da takalma, ya je Ostareliya ya wanke kwanuka ya dawo ba ya iya furta sunansa na yanka, shi ya raɗa miki Magaret, ya raɗa mini Albat. Na amsa. Ya ce Turawa suna da kalma dabam ta yanka albasa sirara, dabam ta yanka ta ƙanana, dabam ta daddatsa ta. Mutanen da iyakar girkinsu dafaffen dankali! Na haddace. Ya sa mu tsaya gaban tukunya muna rera sunan tafasa da soya da turarawa kamar 'yan raino, kabeji yana jiran gishiri. Na rera. Ranar da na buɗe baki in ce a miƙo mini shinkafa da Turanci, ashe harshena ya karkace, ƙwarƙwata na nema, aji ya kwashe da dariya har 'yar ajinmu Maman Cheol ta zauna a ƙasa. Shin na gudu? Ina! Ke ma kin yi dariya, kin rufe baki da bayan hannunki mai jan barkono, kuma da na san haka dariyarki take, da kullum sai na nemi ƙwarƙwata.

Kin tuna ranar haɗa kimci, kabejin nan mai barkono? Na tsoma hannu cikin haɗin barkono ba safa, sannan na sosa ido. Ke kika ja ni zuwa famfo kina cewa, "Direba Pyo, kai da ka yi shekaru kana tuƙa rayukan mutane, idonka ɗaya ya gagare ka?" Kina wanke mini fuska, hannunki yana ƙamshin tafarnuwa da man riɗi. Furen bazara na kan dutse bai kai shi ba! Na ce miki har yanzu yana zafi. Ya daɗe da dainawa.

Sai kika faɗa wa aji shawararki: idan kin ci jarrabawar ƙarshe, wato ki yi girki kina bayaninsa da Turanci gaban shugaban unguwa, za ki tafi, idan kin faɗi, kin haƙura, don ba za ki je ki zauna gaban jikanki kamar gunki ba. Kowa ya tafa. Ni na ƙona albasa.

To, ga maganar da ta raba mu. Da safiyar jarrabawa na kawo miki miyar ciyawar teku a kula, girkin hannuna. Kika buɗe, kika kalle ni kamar na miƙo miki maciji. "So kake in zame? Tsoho da kai, ba kunya! Wa ke ba mai jarrabawa miya mai santsi in ba maƙiyi ba?" Kika ture ta gaban kowa.

Haba, hasken raina! Ranar haihuwarki ce a lissafin wata. Ke da bakinki kika faɗe ta lokacin da Kebin yake koya mana sunayen watanni. Bora ba ta kira ba, domin a can da kalandar Turawa suke aiki. Ke kanki kin manta, kina ta bitar yadda ake cewa a rage wuta. Wace miya ake ba mutum ranar haihuwarsa in ba wannan ba? Gaskiya, da nake juya ta, zuciyata ta ce, in ma ta zame, Allah ya sa ta zamo wajena. Amma zuciya ce ta faɗa, ni gishiri kawai na ƙara.

Kuma me ya faru? Kin ci, har shugaban unguwa, wanda bai gane ko kalma ɗaya ba, ya miƙe yana jinjina. Ni kuwa don baƙin ciki na shanye miyar tas, na tsaya gaban alƙalai na manta sunan ruwa da Turanci. Ashe camfin gaskiya ne, mutum kawai ya kuskure.

Yanzu ga ki kina ɗaure kaya. Ba zan ce kada ki tafi ba. Je ki, ki ciyar da yaron nan abincin kakanninsa, ki gaya masa sunan kowane abu da Turanci, sannan a hankali ki saka masa namu a baki tare da loma. Amma wa zai gaya mini miyata ta yi gishiri? Teku zai ci gaba da janyewa yana dawowa, ke fa?

Jiya maƙwabciyarki ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, ta miƙo mini mabuɗi, ta ce, "In ji Maman Bora, na saman bene ne, inda tulunan daddawar wakenta suke. Wai ka buɗe su idan rana ta fito, ka rufe kafin ruwa, kuma kada ka kuskura ka ɗanɗana." Ba gaisuwa, ba sallama. Daddawar da uwarki ta fara, wadda ko matar ɗanki ba ki yarda ta taɓa ba! Ki faɗa mini, mace tana bar wa maƙiyinta irin wannan?

Na riga na hau. Na goge su ɗaya bayan ɗaya. Zan riƙa duban sama kamar manomi, in hau matakalar nan da gwiwoyina masu ƙara, rani da damina, har ranar da za ki dawo ki ɗaga murfi ki ce na ɓata miki su.

Naki, muddin ƙafa tana iya hawa bene,
Pyo Deok-su