Mil Goma Sha Biyu Daga Gaɓa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki gaida Inna, amma kada ki karanta mata wannan.

Yau dai ga ni a hannunki, ni da na sha yi miki dariya wai kin ƙare karatu a kan dokar teku alhali ko kwalekwale ba ki taɓa shiga ba. Shekaranjiya muna tafe da lodin takin zamani, sai mataimakina ya hango wani kwalekwalen roba yana nitsewa, maƙil da mutane. Na juya jirgi muka kwaso su, maza da mata da yara, har da wata tsohuwa da ta rungume kan keken ɗinkinta ta ƙi saki, sai tare muka jawo su da igiya.

Yanzu tashar da ta fi kusa ta hana mu shiga. Jirgin sintirinsu ya gitta gabanmu, ya ce kada mu kuskura mu taka ruwansu. Manajan kamfani kuma ya ishe ni da waya, wai in mayar da su inda suka gudo in ci gaba da tafiya, taki ba ya jira. Su kuwa sun ce gara ruwa ya cinye su da su koma. Ban yi nadamar ɗaukarsu ba ko kaɗan. Ki dai faɗa mini inda na tsaya.

Yayanki,
Kyaftin

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da girmamawa. Kowa lafiya. Na ce wa Inna kana gaishe ta, ta ce ka rage sukari a shayi.

Ka kwantar da hankalinka, a kan daidai kake. Doka ta wajabta wa kowane kyaftin ya ceci wanda ya gani yana halaka a teku. Da ka wuce su, da kai ne mai laifi. Mayar da su inda ransu ke cikin haɗari kuma haramtacce ne, manaja ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe.

Sai dai ka kula. Mil goma sha biyu daga gaɓa ruwan ƙasar da tashar take ne, ikonta ne, na san halinka, kada zuciya ta ɗebe ka ka kutsa don haushi. Amma inda ka tsamo mutanen nan yana cikin yankin da ita ta ɗauki nauyin ceto, don haka dole ta nema musu wurin sauka. Wata lauya da muka yi karatu tare tana can, ta riga ta kai maganar kotu. In har ran wani ya shiga haɗari a jirginka, ka sanar ta rediyo a fili, kowane jirgi ya ji. Doka ta san lalura.

Dariyar da ka yi mini kuwa, na ajiye ta sai ka dawo. Allah ya tsare.

Ƙanwarka

Auta,

Ina gaisuwa. Daga ofishin tasha nake rubuto miki, ƙafata a ƙasa.

Mun yi kwanaki muna shawagi a bakin iyakar, ruwan sha na ja da baya. Tsohuwar nan ta kafa kekenta a ɗakin cin abinci, ba rigar ma'aikacin da ba ta yi wa faci ba, har ta ce wandona ya yi mini yawa ta rage shi ba da izinina ba. Jiya da hantsi ta yanke jiki ta faɗi. Ashe ciwon sukari gare ta, maganin ya bi ruwa.

Na ɗauki rediyo na faɗa yadda kika ce, sannan na doshi gaɓa. Hafsan sintiri ya daka tsawa, "Kyaftin, ka tsaya nan!"

Na ce, "Ranka ya daɗe, uwar wani ce ke mutuwa a jirgina. Duk jiragen da ke kusa suna jin mu. In ka ce in tsaya, ka maimaita su ji."

Can sai ya ce, "Ku biyo bayana a hankali."

An sauke kowa. Tsohuwa tana asibiti, ta farfaɗo. Ni kuma an tsare ni, wai na shigo ba izini. Kamfani ya turo wani kyaftin ya karɓi jirgi, ko sannu manaja bai ce mini ba. Jami'an tasha sun miƙo mini takarda, in na sa hannu cewa na yi laifi za su sallame ni gobe. Ɗakin ba laifi, akwai fanka, sai dai shayinsu kamar ruwan wanki.

Yayanki

Yaya,

Sannu da ƙoƙari. Kada ka sa hannu a komai, ko biro kada ka karɓa. Alƙali ya sa ranar Litinin don sauraron shari'arka, ni kuma ina filin jirgi yanzu haka. Ka aske gemu, ka sa fararen kayanka na kyaftin. Magana kuwa ka bar mini.

Auta