Amsar da Suka Ba Ni Baki Ɗaya

Daura, daren Laraba, cikin Rajab

Yau a ajin matan aure mun koma kan tsohuwar waƙar wa'azin nan mai magana a kan harshe. Mawaƙin yana nuna cewa kalma tana raya zuciya, tana kuma kashe ta, kuma kowane bawa da bakinsa zai yi bayani, ba da na aro ba.

Na tambaye su abin da suka fahimta. Suka amsa baki ɗaya, da rerawa irin ta hadda, da ainihin jimlar da na ba su makon jiya. Inda nake jan numfashi, nan suka ja.

Na dubi Inna Rabi mai ƙuli-ƙuli, wadda ba a kayar da ita a magana a kasuwa, na ce, "Inna, ke kaɗai fa?"

Ta gyara hijabi ta ce, "Haba Malama, ina ni ina fassara waƙar malamai? Abin da kika faɗa, shi ne. In ma kuskure ne, ai a wuyanki yake." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Bayan isha'i na gwada faɗa wa kaina ma'anar baitocin da kalmomina. Duk jimlar da ta zo mini ta marigayi malamina ce, har da wurin da yakan tsaya ya yi gyaran murya. Shekarun nan na ɗauka tawali'u nake yi. Yanzu ina zargin tsoro ne kawai na lulluɓe da sunan ladabi. Allah Ka yafe mini.

Gobe da la'asar za su dawo, su zauna, su jira in faɗa. Na duba, ba ni da ko jimla ɗaya da take tawa.